Man ganye da shuɗin haske: gaskiyar labarin maganin cutar da ta daina jin allura

Wannan shi ne abin da muka tattauna a filin lafiya na wannan mako, mun rubuta shi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji da dabbobi ko suna kan hanya da kaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, Allah ya ba da lada.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai saƙon yana cewa Turawa sun gano in ka shafa man ganye a kan ciwo ka shiga rana, kowace irin ƙwayar cuta za ta mutu, har wadda ta gagari allura. Wani dattijo makiyayi ya bugo mana waya a kan haka. Ya ce saniyarsa na da ciwo a ƙafa, ya yi mata allurar LA har sau uku ba ta ji ba, shin ya zuba mata man habbatussauda ya ɗaure ta a rana?

Amsar da muka ba shi ita ce: Baba, kada ka yi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai bincike na gaske a bayan labarin, kuma bincike ne mai daɗin ji. Matsalar ita ce kafin ya iso wayoyinmu an yanke masa kai da ƙafa. Bari mu bi shi daki-daki, ku ji abin da aka gano da inda ya tsaya.

Yadda cuta ke daina jin magani

Ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke sa ciwo ya yi ruwa ya tara mugunya, su ne ke kawo taifot da kwalara da tarin fuka, su ne kuma ke kumbura hantsar saniya nono ya fito da gudaji. Magungunan kashe su ana ce musu antibayotik. Kun san su sarai: kafso ja da rawaya, kafso ja da baƙi, amoksisilin, fenisilin, da allurar LA da kusan kowane ruga ke da kwalbarta.

Wasu irin bakteriya, in sun sami wuri mai ɗumi da abinci, kowace ɗaya takan rabu biyu cikin minti 20. Ku lissafa: guda ɗaya da asuba, kafin awa 7 ta haura miliyan biyu. A cikin wannan taro ba a rasa ƴan kaɗan masu taurin rai. In aka ba da magani isasshe, na tsawon kwanakin da ya kamata, jiki da magani sukan haɗu su gama da su. In kuwa aka ba da rabi, ko aka ba da jabu, ko aka tsaya a hanya don an ga sauƙi, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin su tsira su hayayyafa. Makiyayi ya fi kowa gane wannan. In fari ya kashe raunanan shanu, garken da za a samu nan gaba jikokin masu juriya ne. Abin da ya ƙara muni, bakteriya kan miƙa wa junansu wannan dabara ta juriya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Alexander Fleming, Baturen Sikotland da ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945, lokacin da ya karɓi kyautar Nobel, cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayar cuta jure shi. Haka kuwa aka yi. A 1961 aka ga wata ƙwayar cutar maruru da ƙuraje a Ingila wadda ta bijire wa sabon maganin da aka fito da shi dominta. Ita ce likitoci ke kira MRSA.

A watan Janairun 2022 mujallar likitoci ta The Lancet ta fitar da wani babban lissafi na ƙasashe da yankuna 204. Ta ce a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya da ba ta jin magani. Wannan ya fi adadin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar, ya kuma fi na cutar ƙanjamau. Ɗaya cikin kowane biyar yaro ne da bai kai shekara biyar ba. To, ku saurara da kyau: yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da mutum kusan 27 cikin kowane dubu ɗari. Wato mu ne a kan gaba. Shi ya sa masana ke neman wata hanyar kashe bakteriya da ba ta antibayotik ba, kuma a nan ne man ganye da haske suka shigo.

Wane irin mai ake nufi?

Nan ne ruɗani na farko yake. Da mun ji an ce mai, hankalinmu kan tafi ga man gyaɗa, man ja, man kaɗanya ko man shanu. Ba su ake nufi ba. Ana nufin ruwan ƙamshin da ke cikin wasu tsirrai, abin da ke bugun hancinka in ka murza kanumfari, na'a-na'a, ɗoɗɗoya ko ɓawon lemu. Ga bambancin a sauƙaƙe: ɗiga man gyaɗa a takarda, tabonsa na nan har gobe. Ɗiga man ƙamshi na ainihi, yawanci zai bi iska ya tafi. Ana fitar da shi ne ta hanyar turara ganyen da tururin ruwa, a sanyaya tururin, man ya taso sama a kwashe. Daga kilo 100 na busasshen ganye lita kaɗan ake samu, shi ya sa na gasken yake da tsada da kuma ƙarfi.

Tsiro ba don mu yake yin wannan mai ba, garkuwarsa ce daga ƙwari da cututtuka. A cikin man kanumfari akwai sinadarin yujinol, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. Kakanninmu da ke danna kanumfari a haƙori mai ciwo ba su yi kuskure ba. A cikin tayim, ganyen nan da ake sa wa shinkafa tare da kori, akwai taimol. Sai kuma oregano, wani ganyen ƙamshi na ƙasashen bakin tekun Bahar Rum irin su Turkiyya da Girka, wanda ke ɗauke da sinadarin kabakurol. Ku riƙe wannan suna, shi ne jigon labarin.

Aikin waɗannan sinadarai shi ne huda fatar da ta lulluɓe ƙwayar bakteriya. Kamar salka ce da ƙaya ta soke, abin da ke ciki ya tsiyaye. An daɗe da sanin haka a ɗakin gwaji. Cikas ɗin shi ne, yawan man da zai kashe bakteriya shi kaɗai yakan kai ga ƙona naman mai ciwon.

Wane irin haske?

Ruɗani na biyu ke nan. Hasken rana da muke gani fari, launuka ne da yawa a haɗe, kamar yadda bakan gizo ke nuna mana bayan ruwa. Bayan launukan da ido ke gani akwai wani ɓoyayyen haske mai ƙuna, wanda ake kira UV. Tun 1877 wasu masana biyu a Ingila, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana na hana bakteriya yaɗuwa. A 1903 wani likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen, ya sami kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da fitila ta musamman. Sai dai UV ba ya bambanta aboki da maƙiyi. Yana lalata bakteriya, yana kuma lalata fatar mutum da idonsa, har ya kan jawo sankarar fata.

Saboda haka masu binciken yanzu suka koma ga shuɗin haske mai ɗan ratsin shunayya, wanda a ma'auninsu yake kan lamba 405. Wanda ya taɓa kai jariri mai ciwon shawara asibiti, ko likita kamar yadda ake cewa a wannan ɓangare namu, ya ga ana kwantar da shi ƙarƙashin fitila shuɗiya an rufe masa ido. To, dangin wannan haske ne, ko da yake lambarsu da aikinsu ba ɗaya ba ne.

Me ya sa shuɗin haske ke kashe bakteriya? A cikin jikinsu akwai wasu sinadarai masu launi da ake kira fofirin, dangin abin da ke sa jininmu ja. Bakteriya da yawa suna tara su fiye da ƙwayoyin jikin mutum. In shuɗin haske ya sauka a kansu, sai su ɗauki ƙarfin hasken su miƙa wa iskar oksijin da ke wurin, ita kuma ta rikiɗe ta zama mai ƙuna. Kun san ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis? Irin wannan ƙunar ce, amma a cikin cikin ƙwayar cutar take tashi. Shi ma hasken, in shi kaɗai ne, yana buƙatar lokaci mai tsawo da ƙarfi mai yawa.

Abin da aka yi a Boston

A farkon shekarar 2021 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Farfesa Mei Wu, a cibiyar nazarin magani da haske ta Wellman da ke babban asibitin Massachusetts a birnin Boston na Amurka, ta wallafa sakamakon aikinta a mujallar Science Translational Medicine. Tambayarsu ita ce: in aka haɗa kabakurol kaɗan da shuɗin haske kaɗan, kowanne a ƙimar da ba ta isa komai ita kaɗai ba, me zai faru?

Sun gwada a kan ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Akwai MRSA da muka ambata. Akwai Asinetobakta, wadda ta addabi sojojin Amurka da suka sami raunuka a yaƙin Iraƙi. Akwai Sudomonas, wadda ke son ciwon ƙuna, takan sa mugunya ta yi kore-kore. Waɗannan biyun na ƙarshe suna sahun farko a jerin ƙwayoyin cuta mafi haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017.

Sakamakon ya ba da mamaki. A mafi kyawun gwajin, cikin minti 30 haɗin ya kashe bakteriya har ya zama cikin fiye da miliyan 30 guda ɗaya ce ke saura. Ya kuma ratsa yauƙin da bakteriya ke lulluɓe kansu da shi a kan tsohon ciwo. Kun san santsin da ke kama cikin jarkar ruwa in ta kwana biyu ba a wanke ba? To, irin wannan gida suke ginawa a kan gyambo, allura ta kasa kai musu. Daga nan sai aka gwada a kan ɓeraye masu ciwon ƙuna mai zurfi da aka sa wa waɗannan cututtuka. Waɗanda aka yi wa haɗin, ciwonsu ya rabu da cutar gaba ɗaya ko kusan haka. Waɗanda aka yi wa mai kaɗai, ko haske kaɗai, ba su sami wannan ba. Ɓerayen da Sudomonas za ta kashe kuwa, haɗin ya cece su.

Yadda abin ke aiki shi ne, ƙunar farko da haske ya tayar a cikin bakteriya takan taɓa kabakurol ta juya shi ya zama wasu sinadarai, ciki har da taimokwinon. Shi kuma wannan sabon sinadari yana amsa shuɗin haske, ya haifar da ƙarin ƙuna, ƙunar ta sake juya wani kabakurol ɗin. Kamar gobarar daji ce da iska ke hurawa. A ƙwayoyin jikin dabba ko mutum, inda fofirin bai taru haka ba, wutar ba ta samun abin kamawa, shi ya sa naman ɓerayen bai cutu sosai ba. Abu na ƙarshe da ya fi faranta wa masana rai: sun maimaita gwajin sau 20 a jere a kan ƙwayoyin da suka tsira, ba su ga sun koyi jurewa ba. Antibayotik yakan kai hari ƙofa ɗaya, bakteriya ta toshe ƙofar. Wannan ƙuna kuwa ta ko'ina take ci. Tawagar ta sake yin irin wannan aiki da taimol ta sami sakamako mai kama da haka.

Ga inda habbatussauda ta shigo. Wannan taimokwinon shi ne babban sinadarin da aka fi sani a cikin habbatussauda, wadda kowa ya san darajarta a gidajenmu. Amma binciken Boston ba a kan man habbatussauda na kwalba aka yi shi ba. An yi shi ne da tataccen sinadari guda, an auna shi da ma'auni, da fitila mai lamba sananniya.

Dalilin da ya sa muka ce wa Baba kada ya yi

Na farko, ɓera ba mutum ba ne, ba kuma saniya ba ce. Tsakanin abin da ya yi aiki a jikin ɓera da abin da likita zai rubuta maka akwai gwaje-gwaje na shekaru, kuma magunguna da yawa a wannan hanya suke faɗuwa.

Na biyu, shuɗin haske ba ya shiga jiki da nisa. Abin da yake ratsawa a fata bai wuce kaurin farce ba. Ko da an kammala komai an amince da shi, amfaninsa zai tsaya ne ga ciwon da ke fili: ƙuna, gyambo, rauni. Ba zai kai ga ciwon huhu ba, ba zai kai ga taifot a hanji ba, ba zai shiga cikin hantsa ko cikin ƙashi ba.

Na uku, rana ba fitilar asibiti ba ce. Tana ɗauke da shuɗin haske, haka ne, amma tare da UV da zafi. Kuma haɗuwar tsiro da rana takan zama masifa. Matan da ke shafa ruwan lemun tsami a fuska su fita rana sun san baƙin tabo da borin da ke biyo baya, domin akwai sinadari a lemun da rana ke mayar da shi mai ƙuna. Haka a dabbobi. A Afirka ta Kudu makiyayan tumaki sun daɗe da sanin wata cuta da ke kama tunkiya in ta ci tsidau da ya yi yaushi: hanta ta lalace, wani sinadari na koren ganye ya taru a jini, rana ta ƙona kunne da fatar ido da hanci, kai ya kumbura. Ko a cikin magungunan bature, mai shan doksisaikilin rana kan ƙona shi fiye da kowa. Wato ƙarfin da ke kashe bakteriya shi ne zai ci naman dabbarka in ba a auna ba.

Na huɗu, man ƙamshi tsantsa ba abin wasa ba ne. A kan buɗaɗɗen ciwo yana ƙona sabon naman da ke tsirowa. In yaro ya sha man kanumfari yana iya lalata masa hanta, kafur kuma yana sa yara farfaɗiya. Sannan yawancin abin da ke cikin ƙananan kwalabe a kasuwa turare ne da aka surka, babu mai iya gaya maka abin da ke ciki.

Ku kuma ƴan canji da masu shago, fitilar nan shuɗiya ta duba jabun kuɗi ba ta jinya ba ce. Kada a haska ta a ciwo, kada a haska ta a ido. In wani ya zo muku kasuwa da tocila shuɗiya da kwalbar mai yana cewa maganin Amurka ne, ku riƙe kuɗinku.

Inda rana ke da amfani tun yau

Akwai wuri ɗaya da za ku mori rana ba tare da jiran kowa ba, shi ne ruwan sha. Masana a Jami'ar Amurka da ke Beirut sun fara nazarin wannan hanya a shekarun 1980, daga baya wata cibiya a Suwizalan ta yaɗa ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da ita. A sami gorar roba fara tas mai nuna ciki, irin ta ruwan sayarwa, wadda ba ta wuce lita 2 ba. A cika ta da ruwa, a rufe, a kwantar da ita a kan kwano ko wani wuri da rana ke duka, awa 6 cur. In akwai hadari sosai, sai ta kwana biyu. In ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta a tace tukuna, don laka na tare haske. Wannan na kashe yawancin ƙwayoyin gudawa. Ba ya cire guba ko maganin feshi. Ga mai tafiya mashekari ko direban da ke kwana uku a layin iyaka, wannan dabara ce mai araha. Duk gudawar da ba a yi ba, kafso ne da ba a sha ba.

Haka ƙwaryar tatsa da bokiti da mataci: a wanke da sabulu, a kife a rana su bushe ƙarau.

Abin da ke hannunmu

Fiye da rabin antibayotik da ake sayarwa a duniya dabbobi ake ba. Saboda haka makiyayi yana tsakiyar wannan magana.

Kada a yi allura sai an san cutar. Boru, mai sa dabba dalala da ɗingishi, bairas ne ke kawo shi, LA ba ta kashe bairas. Sammore yana da nasa magani daban, ciwon hanta da tsutsar ciki su ma haka. Mura ta mutane ita ma yawanci bairas ce, kafso ba ya taɓa ta.

In an tabbatar allurar ce ta dace, a ba da ita daidai nauyin dabba. LA mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, abin da aka saba rubutawa shi ne mil 1 ga kowane kilo 10. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar mil 25 ke nan, a raba wurare biyu ko uku. Wanda ya ba ta mil 5 don kwalba ta zagaye garke bai yi tattali ba, makaranta ya buɗe wa cuta. A duba rubutun kwalbar, ko a tambayi malamin dabbobi.

A kiyaye kwanakin jira. Bayan allura maganin na nan a nono da nama. A wasu irin LA, naman sai ya yi mako uku zuwa huɗu kafin ya halatta a ci, nono kuma yana da nasa kwanakin a jikin kwalba. Ke inna mai tallan nono, in kin ga kindirmo ya ƙi kamawa bayan an yi wa saniya allura, maganin ne ya kashe ƙwayoyin kirki masu sa shi tsami. Tafasawa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta gama da ragowar magani. Ku mahauta da dillalai, dabbar da aka ɗura wa allura jiya aka kawo kara yau, yaran unguwarku ne za su ci ta.

Ku masu shigo da magani da masu sayarwa, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Ko na ƙwarai ne, in ya wuni a faranti cikin rana ko ya kwana uku a bayan mota, ƙarfinsa ya ragu. A duba ranar lalacewa, a duba lambar rajista, irin ta NAFDAC ga kayan Nijeriya. A daina yanka kati ana sayar da ƙwaya biyu-biyu. Araha ba ta ado. Kwalin da ya tashi daga Kano ya bi ta Jibiya ya sauka Maraɗi, ko ya bi ta Illela ya shiga Ƙonni, cutar da zai horar ba ta tsayawa a shingen duwan ko kwastan. Garken da ya yi rani a kudu ya yi damina a arewa da ita yake tafe.

In mutum ne ba shi da lafiya, ya sha magani yadda ma'aikacin lafiya ya rubuta, kada ya raba da maƙwabci, kada ya ajiye saura don wata rana. In an sha ba a ga sauƙi ba, a koma a nemi gwaji. A manyan asibitoci ana ɗaukar mugunya ko fitsari ko jini, a raini ƙwayar cutar kwana biyu ko uku, a ga wane magani ne ke kashe ta. Rigakafin yara da na dabbobi kuma kada a yi wasa da shi.

Mu koma kan saniyar Baba. Ciwon ƙafa da ya ƙi jin allura sau uku, ba lalle ne cutar ta bijire ba. Wataƙila ƙaya ce ko ƙusa ta karye a ciki. Wataƙila mugunya ce ta taru tana son a fasa. Wataƙila allurar ba ta kai ƙima ba, ko kwalbar jabu ce. Abin yi shi ne a kayar da ita a duba kofaton da kyau, a wanke da tafasasshen ruwa da ya huce da ɗan gishiri, a sa aidin, a kare ta daga ƙuda da taɓo, a ajiye ta a inuwa, sannan a nemo malamin dabbobi kafin a sake huda ta da wata allura. Baba ya ce zai yi haka, mun kuma roƙe shi ya sake bugowa mu ji yadda ta kwana.

Binciken man ganye da haske yana ci gaba, kuma in Allah ya sa ya kai ga asibitocinmu, masu ƙuna da masu gyambon ciwon suga za su fi kowa murna, domin fitila da ganye ba su kai tsadar sababbin allurai ba. Kafin nan, magungunan da ke hannunmu su ne jarinmu, mu da dabbobinmu. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba duniya na ware mako guda don wayar da kai a kan wannan matsala, kuma a makon za mu buɗe layi ku kawo tambayoyinku. Wanda saƙon muryar nan ya iso wayarsa, don Allah kada ya tura gaba, ya karanta wa mai turowar wannan takarda.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya albarkaci garke da kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.